Kaska ta addabi ɗan kwikwiyona, ga cizo ga fitsari ko'ina, a taimaka da shawara

Baban Yara, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu kiwon kare da likitocin dabbobi ku taimaka min. Mun tare a sabon gida ne can bayan gari wajen Janguza, unguwar bata cika ba tukuna kangwaye sun fi gidajen da ake ciki yawa, toh shine wani abokin aikina ya bani kwikwiyo saboda gadi. Namiji ne, uwarsa karyar gida ce ubansa kuma irin karnukan 'yan sandan nan, mai shi yace satinsa 8 da haihuwa. Yara sun sa masa suna Damisa.

Matsalar farko kaska ce. Wlh tunda aka kawo shi nake cire masa amma ba sa ƙarewa, in ka buɗe cikin kunnensa zaka gansu sun jeru a gefen fata, wasu ƙanana masu ruwan ƙasa wasu kuma sun sha jini sun kumbura sunyi toka-toka, tsakanin yatsunsa ma akwai, har a bangon ɗakin da muke ajiye shi na gansu suna hawa sama. Ɗakin dama sito ne na bulo ba a yi masa filasta ba, kuma lokacin da ake gini mai gadin fili a nan yake kwana da nasa karen.

Kowa da abinda yake ce min. Wani maƙwabci yace in shafe shi da baƙin mai, wani yace in ɗiga Sniper a ruwa in yi masa wanka, a wani shagon maganin dabbobi kuma aka ce allurar ivermectin kawai za a yi masa shikenan. Ban yi ko ɗaya ba don hankalina bai kwanta ba, ɗan abin ƙarami ne sosai. Kuma gidan akwai mage, akwai akuyoyi da kaji, ga yara ƙanana kullum suna manne da shi.

Na biyu tarbiyya. Duk inda fitsari ya kama shi nan yake yi, har bakin ƙofar kicin, maman yara ta fara cewa a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Sannan yana son kama ƙafar yara da haƙori in suna gudu, wasa ne na sani amma haƙoran da kaifi, ƙaramar 'yata yanzu tsoronsa take. Da dare kuma kuka. Yaushe ake fara koya wa kare abu, yanzu ne ko sai ya girma? Kuma duka yana cikin koyarwar ko babu? Na gode Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mafarauci, Gusau:

Wa'alaikumus salamu ɗana. Tun muna samari muke yawon daji da karnai, toh ga abin da munka gani.

Baƙin mai dai kak ka kusance shi, shina toshe fata, karen kuma zai lashe abin ya shiga cikinai. Hannunka shi ne magani na farko. Ka samu hantsaki, da safe in rana ta ɗan fito ka zauna bisa tabarma ka aza shi ga cinya, ka fara daga kunne ciki da baya, ka bi wuya, hammata, matsematsi, ƙarƙashin wutsiya, ka buɗe yatsu ɗai-ɗai. In ka ga kaska ka kama ta can gindi daidai inda bakinta ya shiga fata, ka jawo a hankali kai tsaye ba da fizga ba, kak ka matse cikinta kuma kak ka sa mata ashana. Ka aje gwangwani da ɗan kananzir gefenka kana jefa su ciki. Kananzir ɗin na gwangwani ne ba na jikin kare ba. Kuma kak ka bari yara su riƙa fashe su da farce, ka wanke hannu da sabulu in ka ƙare.

Wanga ɗaki da ka ce shi ne gidansu. Ka fidda kwikwiyon daga ciki yau, ka tafasa ruwa ka bi dut tsagar bango da kusurwa ka kwarara, buhu ko tsumman da yake kwana bisa ka ƙone. Mu can ƙauye mukan dafa ganyen dogon yaro in ya huce mu yi musu wanka da shi, kuma zabi da kaji in suna yawo tsakar gida suna tsince wadda ta faɗo. Mukan kuma yanke ma kwikwiyo kunne tun shina ƙarami don kaska da ƙuda su rasa wurin zama.

Batun bugu kuwa, karen da anka tarbiyyantar da sanda bai bin ka daji da zuciya guda, in ka kira shi sai ya tsaya nesa shina kallon hannunka. Mu abin da muka yi, wanda zai riƙe kare shi ka ba shi abinci da hannunai, shi ka kiran sunanai, dut sadda ya amsa ya taho a ba shi ɗan abu ko a shafa mai kai. Kuka da dare kewar uwa tai da 'yan uwa nai ce, ka sa shi inda zai ji motsin mutane, ka ba shi tsohuwar rigarka ya kwanta bisa, 'yan kwanaki kaɗan zai bari.

Likitan Dabbobi, Zariya:

Malam Baban Yara sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da baka yi gaggawar bin waɗancan shawarwarin ba. Baba na Gusau Allah ya ƙara girma, yadda ka faɗi cire kaska haka muke koyarwa, sai dai maganar yanke kunne ina roƙon a bar ta, bata hana kaska don wuya da yatsu ma suna kamawa, ciwo ne kawai da ƙofar shigar ƙwayar cuta. Ruwan darbejiya kuma ba laifi amma ba zai iya da gidan da kaska ta riga ta yi ƙwai a ciki ba.

Bari in ɗan yi bayanin abin da yasa kake cirewa basa ƙarewa. Wadda ka kwatanta ɗin nan, mai hawa bango, ita ce kaskar kare mai ruwan ƙasa, a littafi Rhipicephalus sanguineus. Ita ba sai da daji ba, a cikin gini take rayuwarta gaba ɗaya. Sau 3 take hawa kare a rayuwarta, tana 'yar mitsitsiya mai ƙafa 6 ta hau ta sha jini kwana kaɗan ta faɗo ta shige tsaga ta sake fata, ta sake hawa ta sha ta faɗo, sai karo na uku tana babba. Macen ce kake gani ta kumbura, takan yi wajen sati tana sha sannan ta saki kare ta nemi rami a bango ta zuba ƙwai dubbai, guda ɗaya tana iya kaiwa 4,000. Da zafi irin namu cikin wata 2 ƙwai ya zama babbar kaska, kuma suna iya yin watanni a tsaga ba ci ba sha suna jiran kare. Karen mai gadin nan ya tafi ya bar maka su a bulo, Damisa yana shigowa suka samu abinci. Kenan wanda kake gani a jikinsa kaɗan ne, mafi yawa suna bango, in ba a haɗa kare da ɗaki an yi musu magani tare ba wahalar banza ake.

Na jikinsa tukuna. A sati 8 abin da ya fi sauƙin samu kuma ya fi aminci shi ne fipronil na fesawa, irin su Frontline, an yarda a yi amfani da na fesawar tun kwikwiyo yana kwana 2. Ka sa safar hannu, ka fesa kana shafawa ta saɓanin kwanciyar gashi, fuska kuma ka fesa a hannunka ka shafa ka kauce wa ido da baki, a waje inda iska take, kar a yi masa wanka kwana 2 kafin da kwana 2 bayan, yara kar su taɓa shi sai ya bushe sarai. In akwai zomo a gidan a nisanta shi, fipronil yana kashe zomo. Akwai kuma na taunawa irin NexGard, daga sati 8 in kare ya kai kilo 2, wata-wata ake bayarwa, da Bravecto da Simparica, su kuma shekarun farawa ya danganta da abin da aka rubuta a kwalin da ka samu don haka a karanta. Suna aiki sosai amma da tsada, kuma da nauyi ake ba da su, kwikwiyo kuwa kullum nauyinsa canzawa yake, toh a ɗora shi a sikeli duk lokacin da za a saya. Kare mai tarihin farfaɗiya sai an gaya wa likita kafin a bashi irin waɗannan. Ka duba ranar lalacewa kuma ka saya a wurin da ka yarda da shi don jabu yayi yawa a kasuwa.

Yanzu waɗanda za ka guje wa. Sniper dichlorvos ne, maganin ƙwarin gona, ta fata ma yana shiga jini, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna saboda yadda yake halaka mutane, ina ga ɗan kwikwiyo mai kilo 3 ko 4. Haka ota-piya-piya. Alamar gubar ita ce dalalar miyau, amai, zawo, karkarwa, numfashi da ƙyar. In tsautsayi ya sa hakan ta faru a wani gida a wanke kare da sabulu da ruwa mai yawa a garzaya asibiti, kar a tsaya ɗura masa manja ko madara. Amitraz da ake wa shanu wanka da shi yayi wa kwikwiyon da bai kai wata 4 ba ƙarfi, yana sa su yi laushi jiki yayi sanyi zuciya ta rage bugu, kuma ba a kusantar da shi ga mage ko doki. Duk maganin kare da ka ga an rubuta permethrin a jikinsa ka bar shi tunda kana da mage, guba ne gare ta ko da gogar jikin karen kawai tayi. Ivermectin kuma yana da amfaninsa a wasu cututtuka amma ba shi ne abin dogaro a kaska ba, kuma kuskuren awo kaɗan a ƙaramin kwikwiyo yana iya makantar da shi ko ya sumar da shi, na shanu ne ake zuƙowa a sirinji da ƙiyasi shi yasa ake samun matsala.

Ɗakin kuma, bayan ruwan zafin da Baba ya faɗa, a share a kwashe tarkace, a samu mai feshi ya fesa cypermethrin ko deltamethrin daidai awon da ke jikin kwalba, ya bi bango har sama da bakin silin da bayan ƙofa don sama suke hawa ba ƙasa kaɗai ba. A fitar da kare da mage da kaji da kwanukan abinci sai wurin ya bushe. A maimaita bayan sati 2, a sake maimaitawa, saboda ƙwan da ke can cikin rami feshin farko baya gamawa da shi. Maganin dindindin dai buhun siminti ne, a yi wa ɗakin filasta a toshe duk ramukan bulo.

Abin da yafi damuna ba ƙaiƙayin ba ne, cutar da suke sakawa ce. Kullum ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi, mai lafiya ja-ja ne mai haske, in ka ga yayi fari fat ko ɗorawa-ɗorawa, ko ya ƙi abinci, jiki zafi, fitsari yayi duhu, ko haɓo, kar ka kwana. Babesia ce ko Ehrlichia galibi, ta farkon tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ta biyun tana rage masu tsayar da jini, kuma yawan kaskar kaɗai ma yana iya ƙarar da jinin ɗan kwikwiyo. Ana ɗiban jini kaɗan a duba a madubin likita. Ehrlichia doxycycline ake bayarwa na sati 4 cur ko da ya warware a satin farko. Babesia kuwa mutane sun saba da Berenil na sammoren shanu, toh a kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙarama ce ƙwarai, yana taɓa ƙwaƙwalwa, likita ne kawai zai auna nauyi yayi. Kar a bashi farasitamol ko ibuprofen na mutane. Babesia sai kaska ta kwana 1 zuwa 2 a manne kafin ta shiga, shi yasa dubawar kullum ɗin nan take da daraja.

Tunda za ka asibiti, a Kano akwai na gwamnati a Gwale da Kundila, ka haɗa da riga-kafi. Allurar DHLPP ana farawa sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16, ita ce take tare parvo, wato zawon jinin nan da ke kwashe kwikwiyoyi. Ta haukan kare in ya cika wata 3 sannan duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos da aka kafa tun 1924 tana yin ta a ƙasar nan. Ka karɓi kati ka adana. Maganin tsutsar ciki duk sati 2 har ya kai wata 3, daga nan wata-wata har wata 6, wannan don yaranka ma ne tunda suna wasa a ƙasa ɗaya.

Maman 'Yan Biyu, Kaduna:

Yaya Baban Yara ka gaida min maman yara kace tayi haƙuri, fitsarin nan mai wucewa ne wlh, nima gidanmu da kare muka taso kuma yanzu ma muna da su. Likita ya gama da kaska ni bari in yi ta tarbiyya, amsar tambayarka ita ce yanzu ake farawa, yau ɗin nan, watanninsa 3 na farko abin da ya saba da shi a cikinsu shi zai tafi da shi har tsufa.

Ni a ganina zaman cire kaskar nan shi ne darasinsa na farko, kar ka ɗauke shi aiki daban. Ka dafa hanta ba gishiri ba magi ka yayyanka ƙanana sosai, ka taɓa kunne ka bashi ɗaya, ka riƙe ƙafa ka buɗe yatsu ka bashi ɗaya, ka ɗaga leɓe ka bashi. In ya fara zillo ka sake shi ya huta anjima ku koma, kar a danne shi mutum biyu yana ihu. Nan da 'yan watanni karen nan zai yi ƙarfin da ba mai iya danne shi, in bai saba da hannu a kunnensa tun yanzu ba toh ranar ko likita sai an ɗaure masa baki. Shi yasa duka baya ciki sam, hannun da zai riƙa laluba masa kunne kullum bai kamata ya zama abin da yake tsoro ba.

Fitsari kuma ba rashin ji ba ne mararsa ce ƙarama, ana ƙiyasta awa 1 ga kowane wata na shekarunsa, kaga ɗan wata 2 ba zai wuce awa 2 ba. Ka zaɓi lungu ɗaya a bayan gida mai ƙasa nesa da inda yara suke wasa. Yana tashi daga barci a ɗauke shi a kai shi can, yana gama cin abinci a kai shi, ya gama guje-guje a kai shi, in kin ga, au in ka ga yana shinshina ƙasa yana zagaye toh saura ƙiris a yi maza. A tsaya da shi shiru, yana gamawa a take a yabe shi a bashi hanta, ba sai an dawo tsakar gida ba don ba zai gane na mene ne ba. In an tarar ya riga yayi a ƙofar kicin a wanke kawai da omo sosai warin ya fita, don warin ne yake dawo da shi wurin, dangwara masa hanci a ciki ba abin da yake koya masa sai ɓuya ya yi a bayan drum. Abinci a kan lokaci, sau 4 a rana yanzu, in ya wuce wata 3 a koma sau 3, in lokacin ci ya daidaita lokacin kashi ma zai daidaita. Kuma a kwashe kashin kullum.

Cizon ƙafa, yaran za ka fara koya wa kafin karen. In suna gudu suna ihu shi a wurinsa an buɗe wasa ne. Ka ce musu in ya kama su tsaya cak su naɗe hannu su daina kallonsa, babba ya ce "bari" sau ɗaya ya miƙa masa igiya mai kauri da aka ƙulla ko wani abin taunawa nasa, in ya koma ƙafa a ɗauke shi a sa shi wurinsa minti 1 ko 2 wasa ya ƙare. Kowa a gidan kalma ɗaya, kar kai kace bari ita tace kai yara suce wayyo. Zai ƙara son tauna wajen wata 4 in ya fara famfara har zuwa wata 6 ko 7, toh ku kwashe takalma. Ƙaramar da take tsoro kar a tilasta mata, ka ɗauke ta a hannu ta riƙa jefa masa hanta daga sama, kuma kar a bar ta da shi su biyu ba babba. In haƙori ya taɓa fasa fata a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a je asibiti tunda ba a yi masa allura ba tukuna.

Sunansa da "zo" da "zauna" sun ishe shi yanzu. Zauna ɗin sauƙi gare shi, ka riƙe hanta a saman hancinsa ka ja ta baya kaɗan wajen ƙeya, yana ɗaga kai ɗuwawunsa zai sauka da kansa, yana taɓa ƙasa kace zauna ka bashi. Minti 3 zuwa 5 ya isa, a yi sau da yawa a yini. Kar ka taɓa kiran sunansa don ka yi masa faɗa.

Abinci dan Allah ba ragowar tuwo da miya kaɗai ba, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, ga shi dama kaska ta rage masa, don haka tsire da kilishi ma a'a. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke su. Kwanonsa na ci da na ruwa daban da na gida, a ware masa soso, wurin kwanansa ma a tsakar gida ba cikin ɗaki ba, wannan zai kwantar wa maman yara da hankali ta wajen tsarki da wurin sallah.

Baban Yara, Kano:

Masha Allah, Baba, Likita, Hajiya, na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Mun fitar da shi daga siton mun yi masa wuri a ƙarƙashin rumfa, kuma da na haska tocila cikin ramukan bulon abin da na gani ya tayar min da tsigar jiki, cike suke. Dasashinsa na duba ja ne alhamdulillah. Saura tambaya biyu. Akuyoyin nan suma ina ganin kaska a kunnensu da ƙarƙashin wutsiya, su ne suke shafa masa? Sannan mutane suna ce min in ina son yayi zafi sai in kulle shi a ɗaki mai duhu duk yini kar ya ga kowa, wasu har cewa suke a zuba masa barkono a abinci, ni kuma gadi nake so yayi, in ya saba da kowa yadda Hajiya tace anya zai yi haushi kuwa?

Likitan Dabbobi, Zariya:

Na akuya galibi wasu iri ne daban da suke kwasowa a ciyawa wurin kiwo, sun fi yawa da damina, ciki har da mai zanen nan a baya da ke tafe da kirci a shanu. Ba su ne suka cika maka sito ba, amma wasunsu suna hawa kare, kuma kaskar daji tana ɗauke da nau'in Babesia da ya fi na gida tsanani, don haka a yi wa akuyoyin nasu maganin na dabbobin kiwo a rana ɗaya da feshin ɗaki, kar a yi musu da na kare, kar a yi wa kare da nasu. In ana tatsar su ko za a yanka a duba kwanakin jira da aka rubuta a kwalba. Turkensu ya ɗan yi nisa da rumfar Damisa, ciyawar jikin katanga kuma a nome.

Maganar kulle da barkono kuwa ina roƙonka kar ka yi. Barkono ciwon ciki kawai zai sa masa. Karen da aka rufe bai san kowa ba tsoro ne yake cika shi, kuma mai tsoro baya bambance ɓarawo da almajirin da ya leƙo da kwano ko ɗan maƙwabci da ya biyo ƙwallo, irin su ne ake kawo mana bayan sun yi wa yaron gida rauni, daga nan rigima da unguwa, ƙarshe a kashe kare. Gadi ba a koya masa da wahala, a jininsa yake, yawanci daga wata 6 zuwa sama za ka ji ya fara haushi in an taɓa ƙofa da dare, kuma wanda ya san yadda gidansa yake a kullum shi ne yake gane abin da ba daidai ba. Ka bari ya ga mai ruwa da kurarsa, ya ji babur da janareto, ya ga mata da hijabi da maza da babbar riga, ya zauna kusa da kaji da akuyoyi kana riƙe da shi kana bashi hanta in ya natsu. Tunda allurarsa bata cika ba in za ka fita da shi ƙofar gida ka riƙe shi a hannu kar ka sauke shi inda karnukan unguwa suke kashi, parvo tana daɗewa a ƙasa.

Ka sa masa abin wuya mai laushi tun yanzu ya saba, yatsunka 2 su iya shiga tsakaninsa da wuya, kana dubawa duk sati don girma yake da sauri kuma ƙarƙashin abin wuyan ma maɓoyar kaska ce. Sarƙa a rana kar ayi, inuwa da ruwa kullum. In za ka asibitin ka tafi da 'yan kaskar da ka cire a kwalba da ɗan sifirit su gani, ka tambayi abokin naka ko an taɓa yi wa uwar allurar haukan kare da kuma ko an ba kwikwiyoyin maganin tsutsa, za a tambaye ka a wurin buɗe kati.